Kwamfutar da Aka Ce Ba Ta Son Salla

Kwanakin baya wasu samari suka fake a bakin shagona, nan hanyar kasuwa a Kazaure, suna jiran ruwa ya tsagaita. Ɗayansu ya leƙo, ya ga baƙin allo da fararen rubutu suna gudu, ya tambayi abin da nake yi. Na ce direban katin hoto nake sa wa kwamfuta. Ya yi irin murmushin wanda bai daɗe da gama makaranta ba, ya ce, "Baba, ai wannan layi ɗaya ne. Ka kwafo daga intanet, ka liƙa, ka danna. Shi ke nan."

Na ce masa ya yi gaskiya. Yankan bijimi ma wuƙa ɗaya ce. Amma har yau ban ga wanda ya zama mahauci don ya mallaki wuƙa ba.

Ruwa ya ɗauke kafin in kai ƙarshen bayani, suka tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda takarda ba ta gudu idan ruwa ya ɗauke.

Kafin wannan sana'a malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare, don haka a yi mini haƙuri idan na fara da allo da alli. Kwamfutar cinya mai ƙarfi tana da kati biyu masu zana abin da ido ke gani. Akwai ƙarami, wanda ke manne da ƙwaƙwalwarta. Shi jaki ne: ba ya ci da yawa, ba ya sauri, amma zai kai ka gida. Akwai babba, na wani kamfani dabam. Shi kuwa tarakta ne: ya gama gona kafin hantsi, ya shanye mai kafin azahar. Manhajar da nake ɗora wa mutane, wato Linux, ta jama'a ce. Kowa na iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba ɗan'uwansa kyauta, kuma ba sata ya yi ba. Ita da ƙaramin kati tare suka tashi, sun san halin juna. Babban kuwa ba ya jin yarenta sai da tafinta, kuma wannan tafintan ne muke kira direba. Akwai wanda 'yan sa-kai suka rubuta, mai gaskiya, amma ba ya iya fito da ƙarfin katin duka. Akwai na kamfanin, gwani ne, amma ba ya yarda a ga cikinsa, kuma idan ya yi fushi ba ya faɗin dalili. Aikina shi ne in zaunar da su gida ɗaya lafiya.

A wurin Malam Bitrus na koyi aiki, mutumin kudancin Kaduna da ya fara da gyaran rediyo a garin nan tun ina ɗaukar albashi a ambulan. In na tashi daga makaranta sai in wuce shagonsa, in cire babbar riga. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na rubuta umarni ko ɗaya ba. Sai kwance fanka, share ta da burushin haƙori, goge tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwa, shafa sabo. Kayan aikina na yau ma ba su wuce nasa da yawa ba: ƙananan sukundireba, burushi, abin hura iska, wayar majigi, da filas biyu na ajiyar bayanai a aljihu. Ɗaya na ɗauke da manhaja, ɗaya na ɗauke da direbobin da na sauke ranar da sabis ya yi kirki, domin wanda ya dogara da sabis a ranar aiki ya fafe gora ranar tafiya.

Yawancin kwamfutocin da ke zuwa mana na gwanjo ne. Ta Babura suke shigowa daga Nijar, an yi cinikinsu da sefa, haruffansu jeren Faransanci, kuma sun riga sun yi wa wani Bature bauta har ya gaji da su. Abin da ya fi gajiya a jikinsu shi ne mahaɗin marfi. Saboda haka Malam Bitrus yake da doka: "Kashe ta tukuna, sannan ka rufe ta. Marfin gwanjo gwiwar tsoho ne, ba a sa shi durƙuso ba dalili." A shagonsa, da shagona daga baya, kwamfutar da ke kunne a buɗe take wuni, sai dai a yafa mata ƙyalle. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aiki na farko da na yi ni kaɗai na wani malamin gona ne daga Gwiwa. Ya ji labarin babban kati, ya ce shi kullum babban yake so ya riƙa aiki, ai da kuɗinsa ya saya. Na tambaye shi inda yake zuwa da ita. Ya ce ƙauyuka, yana nuna wa manoma hoton tsutsar masara. Na ce akwai wuta a can? Ya ce akwai wata, idan ya fito. Na bar masa jakin yana jan kaya, na ɗaure taraktan sai an kira shi da suna. Ya tafi yana ƙunƙuni. Da ya ga batirinsa na kai shi la'asar, na abokin aikinsa kuwa na mutuwa kafin manoma su gama gaisawa, sai ya aiko mini da kwaryar gyaɗa. Tun daga nan ba na taɓa kwamfuta sai na tambayi inda take wuni. Layin nan na intanet ba ya yin wannan tambaya.

Sai shekarar da ta zo mini da wuya. A lokacin ne kwamfutoci masu babban kati suka cika kasuwa, masu zanen gini da masu haɗa bidiyo suka yi ta kawo mini, ni kuma na yi ta sa musu direban kamfani. A shago komai lafiya. Bayan kwana kaɗan sai su fara dawowa, kuma magana ɗaya ce a bakinsu: "Malam, na tashi salla, na dawo na tarar da allo baƙi ƙirin." Fitila na ci, fanka na juyawa, amma ko me ka danna ba ta amsawa. Sai an danne makunni an kashe ta da ƙarfi, abin da ake cikin yi ya tafi.

Na ce zafi ne, tunda azahar da la'asar rana na tsakiya. Na share fankoki, na canja mai. Wani ya ce tasa da isha ta mutu. Na ce wuta ce, na gwada da janareta, na gwada da batir zalla. Na ce ƙila barcin da kwamfuta ke yi ne idan an daɗe ba a taɓa ta ba, na kashe wannan agogon gaba ɗaya. Na jera su a tebur, na yafa musu ƙyalle, na je masallaci na dawo, na same su garau suna kallona. Na mayar wa masu su. Suka dawo.

Teburin mai shayi ba ya jiran bincike. Can aka yanke hukunci cewa manhajar Malam ba ta son salla. Wani ya ƙara da cewa da ma waɗanda suka rubuta ta ba su san gabas ba. Da fari na yi dariya. Na daina da na ga mutane na ɗauke kwamfutocinsu suna kai wa masu loda manhajar sata, har wani dattijon da muke sahu ɗaya ya ja ni gefe ya ce, ba don komai ba, in duba abin da nake ci da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shagona ya zama wurin da ƙuda ke hutawa.

Cikin wannan hali Bara'atu ta zo daga Roni tare da kawunta, Alhaji Ilu. Tsohuwar ɗalibata ce, daga masu zama a baya suna zana fulawa a gefen taswira. Ta zama mai ɗaukar bidiyon bukin mata, inda namiji ba ya shiga da kyamara. Kawun ne ya saya mata kwamfutar, ni na sa mata direba. Ta samu aikinta babba na farko: tsofaffin matan wata Islamiyyar manya sun sauke Alƙur'ani, cikinsu har da kakarta, ta ɗauki kowacce tana karatu, za a haska da majigi a walima ranar Asabar. Ta gama yanka da jerawa. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta haɗa fim ɗin ya zama guda, aikin da babban kati ke yi shi kaɗai, daga hantsi lokacin da solar gidansu ke yin ƙarfi har bayan la'asar. Kullum azahar ke kashe shi.

Na ce ta bar mini ita a shago, in haɗa mata, tunda a nan ba ta mutuwa.

Alhaji Ilu ya gyara hularsa. "Malam, hoton matan mutane ba ya wuni a shagon maza. Iyayenmu ne a ciki."

"To, Alhaji, ya za a yi ke nan?"

"Ni na riga na faɗa mata. Idan Asabar ta zo babu fim, zan mayar da wannan abu Babura in karɓo mata keken ɗinki. Ban taɓa jin keken ɗinki ya mutu don an kira salla ba."

Bara'atu ta dube ni irin duban da ɗalibi ke yi wa malamin da ya ce masa duniya na juyawa, yana jiran hujja.

Na ce idan dutse ba zai zo ba, ni zan je. Ranar Alhamis da safe na hau mota zuwa Roni.

A zaure aka shimfiɗa mini tabarma. Bara'atu ta jawo wayar wuta daga cikin gida, ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, ta tayar da aikin. Alhaji Ilu ya zauna tsakanina da ita, ya juya allon ya fuskanci bango, don kada idona ya faɗa kan fuskar kowa. Haka na zauna, mai gyaran da aka hana ganin abin gyara, ba abin da nake kallo sai bayan marfi da tambarin da ya goge. Na saurari fanka, lafiya. Na taɓa caja, lafiya. Muka sha fura, muka yi hirar farashin gero. Lokaci-lokaci Bara'atu na leƙowa ta ce sandar da ke nuna ci gaban aiki ta ƙara tsawo.

Aka kira azahar. Alhaji Ilu ya miƙe, ya ɗauki butarsa da hannu ɗaya, ya sa ɗaya hannun ya kifa marfin, ko kallonsa bai yi ba. Fanka ta yi shiru.

Na ce, "Alhaji, me ka yi yanzu?"

"Ban yi komai ba."

"Marfin fa?"

"Rufewa na yi. Masallaci za mu."

Na kira Bara'atu, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ke ma haka kike yi?"

"Malam, ai ba a barin ta a buɗe. Ga kaji, ga yara, ga fuskokin iyayenmu, ga kuma karatu a ciki."

"Na tambaye ki abin da kike yi kafin ta mutu."

"Na faɗa maka, salla nake tashi. Malam, wa ke lissafa rufe ƙofa cikin ayyukan da ya yi?"

Gaskiyarta. Mutumin nan ƙasar idan ya ji kiran salla yakan rufe abin da ke gabansa: littafi, kwanon abinci, ƙofar shago, baki. Hannu ne ke yi, ba a shawara da kai. Duk waɗanda suka dawo mini da kwamfuta gaskiya suka faɗa mini, kuma babu wanda ya ga abin faɗa a cikin marfi. Ni kuwa a shagona doka ta hana rufewa. Tsakanin ladabinsu da dokar maigidana ciwon ya samu wurin ɓuya.

Muka yi salla muka dawo. Alhaji Ilu ya ɗaga marfin, ya juyo mini da allon da kansa, tunda babu fuskar kowa a kai, baƙi ne ƙirin. Ya ce, "Ka gani."

Na ce na gani, kuma karon farko ke nan da na gani.

Ga abin da ke faruwa, ga masu son sani. Rufe marfi na sa kwamfuta barci nan take, kuma wannan umarni dabam ne da agogon barcin da na kashe. Ƙaramin kati ya iya barci, ya iya tashi. Babban kuwa, a hannun direban kamfani, idan ya kwanta sai ya zubar da duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa, ya farka bai san gidan da yake ba, sai fa idan an umarce shi ya ajiye kayansa a rumbun kwamfutar kafin ya kwanta. Wannan umarni yana nan, amma a kashe yake zuwa. Wataƙila inda aka ƙera shi sau ɗaya ake rufe marfi, idan an tashi daga ofis.

Na kashe ta na kunna, na shiga ta ƙofar baya, wato baƙin allon nan mai rubutu zalla, inda babu hoto balle Alhaji ya damu. Abu biyu na yi. Na kunna wa direba umarnin ajiya, da 'yan manhajojin da ke yi masa hidimar kwanciya da tashi. Sannan na gaya wa manhajar cewa muddin caja na jiki, idan an rufe marfi ta kashe allo kawai, aiki ya ci gaba. Na ce a kawo mini bulo biyu, na ɗora ta a kai don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, domin kwamfutar da ke aiki a rufe zafinta ya fi. Na cire caja, na rufe, na buɗe, ta farka. Na jona wayar majigi ma na gwada, domin a irin waɗannan kwamfutoci ramin majigi a hannun babban kati yake, kuma ba na son a gano haka ranar Asabar a gaban tsofaffi.

Bara'atu ta sake tayar da aikin. Rana ba za ta isa a gama a ranar ba, amma za ta isa a gwada.

Aka kira la'asar. Alhaji Ilu ya miƙe, ya kai hannu, sai ya tsaya. Mutumin da ya yi shekaru yana rufe abubuwa bai sani ba, yau ya san yana da hannu.

Na ce, "Rufe, Alhaji."

"In ta mutu fa?"

"In ta mutu, ni zan raka ka Babura, in taya ka zaɓen keken."

Ya rufe. Fanka ba ta yi shiru ba. Muka fita.

Da muka dawo, Bara'atu na tsaye a bakin ƙofa, ba ta taɓa komai ba. Alhaji ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗaga marfin. Haske ya faɗo a kan gemunsa. Ya kira ta, ta duba, ta ce sandar ta wuce inda suka bar ta da nisa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wato muna can, ita tana nan tana aikinta. Har yanzu dai ba ta salla ke nan, Malam."

Na ce, "Ba a wajabta mata ba, Alhaji. Amma ta koyi jiran masu yi."

Washegari kwamfutar ta wuni a rufe tun daga huɗuba har aka sauko daga Juma'a, ta kuma tsallake la'asar. Kafin magariba Bara'atu ta bugo mini waya ta ce fim ya haɗu. Ban je walimar ba, ba wurina ba ne. An dai ce da aka zo kan kakarta, tsohuwar ta ce a mayar baya, ba ta gama jin kanta ba. Keken ɗinki yana nan Babura, wata ta saya.

Alhaji Ilu ne ya kai labari teburin mai shayi ranar kasuwa, kuma ya fi kowace sanarwa tasiri, domin shi ne da ma kan gaba wajen zargin. Waɗanda suka tafi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi da ma bai yarda da maganar ba. Na karɓe su, ban tambayi kowa komai ba. Da na ba Malam Bitrus labari, ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ku sau biyar kuke rufewa a rana, ni sai Lahadi. Yaushe zan gano?" Dokarsa tana nan a shagona, domin gwiwar gwanjo ba ta warke ba. Na dai ƙara tawa a kai: kwamfuta ba ta barin hannuna sai ta tsallake salla ɗaya a rufe, da aiki a cikinta.

Bara'atu yanzu kwamfutocinta sun fi ɗaya, akwai mata da ke aiki a ƙarƙashinta har Yankwashi. Duk wadda ta kawo mini, idan na ce na gama, ba ta kallon allo. Marfi take rufewa, ta zauna ta tambayi lafiyar iyali, sannan ta buɗe.

Saboda haka saurayin nan mai layi ɗaya, idan wannan takarda ta same ka, ka dawo. Zan ba ka kwamfuta, zan ba ka layin ma, ba sai ka sha wahalar nema ba. Ka liƙa, ka danna, hoto ya fito tas, in yaba maka. Idan an kira la'asar sai ka rufe marfin da hannunka mu tafi masallaci. Ba ma sai mun dawo mun buɗe ba. A sahu zan gane, domin wanda bai tabbata da aikinsa ba, tun liman bai gama sallama ta biyu ba yake neman takalminsa.